Sahur ɗin da likita ya ba ni kafin a shiga da ni tiyata

Sau biyu likita ya sa mini wuƙa, duk biyun a Yamai, kuma duk biyun sai da aka sa ni irin barcin nan da mutum ba ya sanin inda kansa yake. Na farko aikin maƙoƙo ne a 2013, na biyu na duwatsun maɗaciya a 2024. In an tambaye ni zafin yankan, wallahi ba na iya tuna shi sosai, Allah Ya ɗauke mini. Abin da ya ƙi barin raina shi ne ƙishirwar da na sha a aikin farko, da kofin da aka ce in sha kafin na biyu, wanda na riƙe hannuna na rawa kamar guba aka miƙo mini.

Ni mutuniyar Tawa ce, malamar lakwal. Maƙoƙon ya fara fitowa bayan haihuwata ta uku. Ina ta rufe shi da lulluɓi har ya kai in na kwanta rigingine numfashi na yi mini wuya. Aka ba ni takarda zuwa Yamai. Muka hau motar asuba ni da Inna, ta Konni, Dogon Dutsi, Doso, tafiyar kilomita sama da 500, muka sauka gidan yayana a unguwar Bukoki. Analiz, eko (hoton cikin jiki), ordonas, je ka dawo, kusan wata guda kafin a sa mini rana. Ranar ta faɗo cikin Afrilu. Wanda ya san Yamai a Afrilu ba sai na ba shi labari ba, zafi yana haura digiri 40, iskar ma in ta buso kamar daga bakin murhu ta fito.

Daren jajibiri majo, wato babbar mai jinya, ta zo bakin gadona ta ce, "Madam, gobe ajan, ba ci ba sha. Daga sha biyun dare ko ɗigon ruwa kada ya wuce maƙogwaronki." Ta juya wajen Inna ta faɗa mata ɓaro-ɓaro, "Hajiya, in tausayi ya sa kika ba ta, to ke kika kashe ta." Maganar nan ta zauna daram a zuciyar Inna. Nan take ta kwashe gorar ruwa da ledojin piyawata ta kai su can waje. Ni kuma saboda tsoro, tun da na ci ɗan tuwo bayan isha'i, wajen ƙarfe takwas, ban sake kai komai bakina ba. Gani nake in na ƙara awa huɗu a kan abin da suka ce, na ƙara wa kaina tsira ne.

An ce takwas na safe za a shiga da ni. Takwas ta yi ta wuce. Wajen tara aka shigo da mutanen da suka yi hatsarin mota, jina-jina, likitoci duk suka koma kansu. Ban taɓa ganin laifinsu a kan wannan ba, rai ake ceto. Sai dai mu da muke kwance muna jira, babu wanda ya leƙo ya ce mana aikinku ya koma yamma, ku ɗan kurɓi ruwa yanzu.

Kafin azahar harshena ya zama kamar busasshiyar fata, ina juya shi yana manne wa dasashi. Leɓuna suka tsattsage. Kaina ya ɗauki sara, don ni mai shan shayi ce kowace safiya. Da na je kewaye, ɗan fitsarin da ya fito ja ne kamar ruwan goro. Na yi alwalar azahar ban kurkure baki ba, saboda Inna na tsaye kaina tana cewa, "Bar shi, ɗiyata, Allah Ya ga lalura." Ta jiƙa gefen zanenta tana shafa mini goshi da wuya, amma in hannunta ya zo kusa da bakina sai ta kauce. Ina kallon idonta ya kawo ruwa. Ita ma ranar ko ruwa ba ta sha ba, ta ce ba ta iya haɗiya ina kallo.

Sai ƙarfe huɗu na yamma aka turo gadon ɗauka. Awa 20 ke nan. Azumin Ramadan a nan ƙasar, in ya yi tsawo, wajen awa 14 ne, da sahur ɗinsa, kuma shari'a ta ɗauke wa marar lafiya. A cikin bulok, wato ɗakin tiyata, sai da aka soke ni sau biyar kafin a samu jijiyar da za a sa ƙarin ruwa, duk sun lafe. Da na farka kuma sai amai, da ɗinki ɗanye a wuya. Duk yunƙurin da na yi sai in ji kamar zaren zai tsinke.

Na warke, alhamdulillahi. Amma ga abin da ke damuna har yau. Shekara goma sha ɗaya, duk matar da za a yi wa aiki a unguwarmu, wajena ake turo ta don na riga na shiga. Ni kuma in zaunar da ita in ce, "Ko sun ce sha biyu, ke ki daina tun magariba. Ko ɗigo." Da zuciya ɗaya nake faɗa. Ban san mata nawa suka sha irin wahalata saboda bakina ba.

A 2024 ciwo ya riƙa kama ni a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, musamman in na ci abu mai maiƙo. Eko a Tawa ta nuna duwatsu a maɗaciya. Na sake komawa Yamai, wannan karon wani asibitin daban, kuma ɗiyata ta fari tana can tana karatun aikin jinya. Inna ta tsufa, ƙafa ta fara ba ta wahala, amma ta rantse ba a yanka ɗiyarta tana zaune a Tawa.

Kwana biyar kafin aikin aka haɗa ni da likitan da zai sa ni barci. Matashi ne, bai fi sa'ar ƙanena ba. Ya daɗe yana tambayata. Ina da ciwon suga? Hawan jini? Ƙwannafi yana damuna, abinci yana dawo mini wuya in na kwanta? Cikina yana kumbura, ina amai? Wane magani nake sha, har na gargajiya? Ya sa na buɗe baki ya duba, ya karanta takardar gwajin suga. Sannan ya jawo takarda ya rubuta mini layi uku. Tuwo, nama, soye-soye da duk abu mai nauyi, in daina awa 8 kafin aiki. Abu marar nauyi irin biredi, da madara, awa 6. Ruwa garai kuwa in sha abina har ya rage awa 2. A ƙasa ya ja layi ya rubuta cewa ƙarfe shida na safe in sha mililita 400 na ruwan tuffa na kwali, wanda ba shi da ɓargo ko kauri, in shanye cikin ƴan mintoci, daga nan in rufe baki.

Na karanta sau biyu. Na ce, "Dokta, ka gafarce ni, ina ga kamar an yi kuskure a nan. An taɓa yi mini aiki, na san doka."

Bai ji haushi ba. Ya ajiye biro ya ce, "Madam, ba ni labarin wancan aikin." Na kwashe duka na faɗa masa, har sukar allura biyar ɗin. Ya girgiza kai ya ce tsoron da aka ba ni yana da tushe, kada in raina shi. In mutum ya shiga barcin anestezi, masu gadin maƙogwaronsa su ma barci suke yi. Tari ba ya zuwa, haɗiya ba ta zuwa. Abin da ke cikin tumbi in ya taso, ba mai hana shi gangarawa huhu. Loma tana iya toshe hanyar numfashi, ruwan tsamin ciki kuma yana ƙona huhu. Mutane sun mutu ta haka. Don haka dole tumbi ya zama ba kaya lokacin da za a sa barci.

"To amma," in ji shi, "tumbi ba randa ba ne da za a zuba ruwa ya kwana. Ruwa garai, cikin kamar minti goma sha biyar zuwa ashirin rabinsa ya wuce hanji. Kafin awa biyu ya tafi. Kuma ko ba ki sha komai ba, tumbin bai daina zubo nasa ruwan tsamin ba. An sha aunawa. Wanda ya kwana da ƙishirwa da wanda ya sha ruwa awa biyu kafin aiki, abin da ake tararwa a tumbinsu kusan ɗaya ne. Ƙishirwar da kika sha ba ta ƙara miki kariya ba, jijiyoyinki kawai ta busar."

Na yi shiru. Maganar ta yi mini nauyi, don na ɗauki wahalar nan shekara da shekaru a matsayin wani ɓangare na maganin.

Na ce to na ji na ruwa, zaƙin fa na mene ne? Ya ce hanta tana ajiye guzurin suga, amma ɗan kaɗan ne, kwana ɗaya ba ci yake ƙarewa. In aka shiga da mutum guzurin ya yi ƙasa, ga kuma yanka wanda jiki ke ɗauka a matsayin babban rauni, sai jikin ya koma cin naman kansa, ya kuma daina jin maganar insulin, sinadarin da ke daidaita suga a jini, na wasu kwanaki, kamar mai ciwon suga na wucin gadi. In an ba shi abin zaƙi kafin nan, wannan rikicewar tana raguwa. Ya yi murmushi ya ce, "Ke da kika saba azumi, kin taɓa ganin wanda zai yi noma da rana ya ƙi sahur da gangan? Wannan shi ne sahur ɗinki."

Abin da ya ƙara sa na yarda da shi, bai zuzuta abin ba. Ya ce kada in ɗauka kofin nan zai warkar da ni ko ya hana duk wata matsala. Abin da aka fi tabbatarwa shi ne yana rage ƙishirwa da yunwa da fargaba, kuma in an bi lokacin, ba a ga yana ƙara haɗarin shaƙewa ba. Amai bayan aiki ma ya ce dalilansa da yawa, aikin maƙoƙo dama ya gaji haka, kada in ɗora wa yunwa duka. Kuma ya ja mini kunne cewa takardar nan tawa ce ni kaɗai. Wanda aka kawo cikin gaggawa, wanda hanjinsa ya toshe, mai ƙwannafi mai tsanani, mai tsohon ciwon suga da tumbinsa ya yi sanyin aiki, mace mai naƙuda, kowanne da nasa lissafin. Yayata mai ciwon suga ta faɗo mini a rai, na tambaye shi. Ya ce ita sai likitanta ya duba ta, kada in kuskura in ba ta shawara da takardata.

Da dare a gidan yayana ɗiyata ta ɗauko littafin karatunta, don ni malama ce, ba na iya barci sai na san mafarin abu. A nan na ji cewa tun 1883 shahararren likitan tiyatar nan na Ingila, Joseph Lister, ya rubuta cewa kada a bar abinci a tumbi, amma yana da kyau a ba marar lafiya shayi ko romo awa biyu kafin a sa shi barci. Ashe abin tsoho ne. A 1946 wani likitan mata a birnin Niyok na Amurka, Curtis Mendelson, ya bi bayanan haihuwa 44,016, ya samu mata 66 da abin cikinsu ya shiga huhu lokacin da aka sa su barci. Biyu suka rasu, kuma duk biyun abinci mai ƙarfi ne ya shaƙe su. Daga nan tsoro ya shiga asibitocin duniya. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake. A hankali aka haɗa ruwa da tuwo aka yi musu hukunci ɗaya, daga sha biyun dare kowa ya rufe baki, don ya fi sauƙin faɗa da sauƙin tsarewa. Sai a 1999 ƙungiyar likitocin sa barci ta Amurka ta fitar da ƙa'idar awa biyu ga ruwa garai, awa huɗu ga nonon uwa, awa shida ga abinci marar nauyi. Maganar zaƙin kuma wani likitan tiyata ɗan Suwidin, Olle Ljungqvist, da abokan aikinsa suka yi ta bincike a kai tun shekarun 1990, da wani abin sha na musamman mai giram 50 na sitaci narkakke a cikin mililita 400. A 2023 ƙungiyar ta Amurka ta sake jaddada cewa baligi mai lafiya ya sha ruwa garai mai zaƙi har ya rage awa biyu.

Na ƙirga da yatsu. Daga 1999 zuwa 2013 shekara 14 ke nan. Ranar da Inna ke kauce wa leɓuna da jiƙaƙƙen zane, ilimin nan ya daɗe a rubuce, bai dai iso bakin gadona ba. Na yi kuka a daren nan, ɗiyata ta rasa gane dalili.

Inna dai ba ta yarda ba. "Wanga likita yaro na," ta ce. "Waccan majo da hurhura a kanta ta ce ko ɗigo. Ni da idona ba ni ba ki." Na ce ba sai ta ba ni ba, ta dai bar ni in sha. Ta juya mini baya ta ja carbi.

Aka kwantar da ni ranar Litinin da yamma, aiki Talata. A gadon da ke kusa da nawa akwai wata yarinya da ba ta fi shekara ashirin ba, da maƙoƙo irin nawa na da. Daga wani ƙauye na wajen Filinge suka zo da uwarta, tsohuwa siririya mai yawan gaisuwa. Ta gaya wa Inna awaki biyu suka sayar suka zo. Ita ma yarinyar Talata za a yi mata, bayan an fito da ni.

Na ci abincina na ƙarshe bayan isha'i. Cikin dare na farka da ƙishirwa, na miƙa hannu na sha ruwa, abin da har yanzu in na tuna sai in ji daɗi a raina. Bayan sallar asuba ɗiyata ta auna ruwan tuffan a kofin gilas. Shida daidai na yi bisimilla. Hannuna yana rawa, muryar majo ta 2013 tana yi mini amsa-kuwa a kunne. Na rufe ido na shanye. Inna ba ta ce uffan ba, amma leɓunanta ba su daina motsi ba.

Na shiga wanka. Ina fitowa na tarar ɗakin ya hargitse. Ashe tsohuwar nan ta ga na sha, ta ce a ranta ai ke nan an yarda a sha. Ɗiyarta ta kwana tana kukan yunwa, sai ta jawo ƙwarya ta dama mata fura da nono, yarinyar ta sha ta ƙoshi. Inna ce ta gani. Inna da ke jan ƙafa, ta tashi ba sanda ta je har ɗakin masu jinya ta kira majo. Tsohuwar tana roƙonta, "Hajiya, ki rufa mana asiri, kaɗan ta sha, in an ɗage ba mu da kuɗin zama." Inna ta ce, "Gara ki yi hushi da ni ki koma gida da ɗiyarki."

Likitan ya zo da kansa. Bai yi wa tsohuwar tsawa ba, ya durƙusa gabanta ya ce, "Inna, fura abinci ce, ko da shan ta ake yi. Gero ne da nono. Kin san yadda madara ke kamewa in tsami ya taɓa ta? Haka take yi a ciki, ta zama gudaji ta zauna." Ya ce kunu, koko, shayi mai madara, yawur, duk hukuncinsu na abinci ne. Ya ɗauki kofina da ya rage ɗan ruwan tuffa a gindi, ya ɗaga shi sama ya sa yatsa a bayansa. Abin da ake ganin yatsa ta cikinsa, in ji shi, shi ake nufi da ruwa garai, shi ma sai in likita ya ce a sha, a lokacin da ya ce. Aikin yarinyar ya koma Alhamis, don layin ranar ya cika.

Jikina ya yi sanyi. Kofina ne ya jawo. Da Inna ta kau da kai, da yarinyar ta shiga bulok da fura a ciki ta ce ba ta ci komai ba, Allah kaɗai Ya san abin da zai faru.

Takwas da rabi aka shiga da ni. Allura ɗaya aka soka aka samu jijiya. Bakina da yawu, kaina ba ya ciwo, har na iya karanta addu'ata a natse kafin barci ya ɗauke ni. Na farka da zafin ciki kamar kowa, na ɗan ji tashin zuciya amma ban yi amai ba. Da yamma aka ce in fara kurɓar ruwa, washegari na taka da ƙafata zuwa kewaye.

Kwana biyun nan tsohuwar ba ta yi wa Inna magana ba. Yayana da ya ji labari ya riƙa kawo abinci na mutum huɗu maimakon biyu, Inna ta riƙa tura musu kwano ba tare da ta dube su ba. Ranar Laraba likitan ya dawo ya zauna da uwa da ɗiya, ya yi musu bayani da Hausa sannu a hankali, ya sa tsohuwar ta maimaita masa. Ya ce ba sai sun sayi na kwali ba, shayi marar kauri da suga, a tace shi sosai, ba madara, ya wadatar.

Asubar Alhamis ina kwance ido biyu na ji an taɓa ƙafata. Tsohuwar ce, riƙe da kofin gilas ɗina da ta ara wajen ɗiyata. Ta ɗaga shi saitin ƙwan lantarki, ta sa yatsanta a baya, ta ce, "Malama, idona ba shi gani sosai. Duba mini, ana ganin yatsana?"

Na ce ana gani.

"Lokaci fa?"

Na duba waya, shida saura minti goma. Na ce ta ba ta yanzu. Ta juya za ta tafi, sai Inna ta yunƙura daga kan tabarma, ta karɓi kofin daga hannunta don ta ga yana rawa, ta kai wa yarinyar da kanta, ta tallafe mata ƙeya har ta shanye.